Walter Hallstein: Malamin shari'ar da ya so ɗaure ƙasashen Turai da igiyar doka

Duk wanda ya taɓa ganin allon aikin hanya ko na ruwan sha a Nijar ko Cadi ɗauke da haruffan FED, to ya ga wani yanki na gadon Walter Hallstein, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Wannan Bajamushe, malamin shari'a kuma ɗan jam'iyyar CDU ta masu ra'ayin mazan jiya, shi ne shugaban farko na hukumar zartarwar ƙungiyar kasuwancin Turai, wato CEE, wadda ta rikiɗe ta zama Tarayyar Turai ta yau.

An haife shi a birnin Mainz a 1901. Ya yi karatun shari'a a Bonn da Munich da Berlin, kuma tun a 1930 ya zama farfesa a jami'ar Rostock, bai ko cika shekara 30 ba. A zamanin Hitila bai shiga jam'iyyar Nazi ba, amma ya shiga wasu ƙungiyoyin ma'aikata da ke ƙarƙashinta, abin da masana tarihi ke ta muhawara a kai har yau. An ɗauke shi soja a 1942, Amurkawa suka kama shi a Cherbourg ta Faransa a 1944. A sansanin fursunonin yaƙi da ke jihar Mississippi bai zauna haka nan ba, sai ya buɗe ajin koyar da 'yan uwansa fursunoni. Da ya koma gida aka ba shi shugabancin jami'ar Frankfurt a 1946.

A 1950 shugaban gwamnati Konrad Adenauer ya ɗauko shi daga aji, ya ba shi jagorancin tawagar Jamus ta Yamma a tattaunawar haɗa harkar kwal da ƙarfe da Faransa da wasu ƙasashe huɗu. Daga 1951 ya zama babban sakatare a ma'aikatar harkokin waje. A nan sunansa ya liƙe wa wata manufa ta 1955, wadda ta ce duk ƙasar da ta amince da Jamus ta Gabas, to ta taɓa Jamus ta Yamma. Da ita aka yanke hulɗa da Yugoslabiya a 1957 da Kyuba a 1963. Sabbin ƙasashen Afirka da suka samu 'yanci a 1960 su ma sun san cewa ƙulla hulɗa da Gabas na iya jawo musu asarar taimakon Bonn. Manufar ta soma shuɗewa bayan hawan Willy Brandt a 1969.

Shi da Adenauer ne suka sa wa Jamus hannu a yarjejeniyar Roma ranar 25 ga Maris 1957, kuma a Janairun 1958 ya kama aiki a Brussels. Tunaninsa na lauya ne. A ganinsa, Turai ta sha gwada haɗin kai da bakin bindiga, abin ya ƙare a kango, saboda haka wannan karon doka ce za ta riƙe ta: yarjejeniya a rubuce, hukuma mai zaman kanta da ba ta karɓar umarnin kowace gwamnati, da kotun da hukuncinta ke hawa kan babba da ƙarami.

A zamaninsa ne aka sa hannu a yarjejeniyar Yaoundé ranar 20 ga Yuli 1963, tsakanin CEE da ƙasashen Afirka 18, ciki har da Nijar da Cadi da Kamaru. Ta buɗe kasuwannin juna, ta kuma ci gaba da asusun FED da yarjejeniyar Roma ta kafa. Kwame Nkrumah na Gana ya soki irin wannan alaƙa a matsayin sabon salon mulkin mallaka. Yarjejeniyar Lomé ta 1975, wadda Najeriya ta shiga, ita ta gaje ta.

Sai dai igiyar doka ta gamu da wanda ya fi ƙarfinta. A 1965 Hallstein ya kawo shawarar CEE ta riƙa samun kuɗin shigarta daga harajin kwastan, majalisar Turai kuma ta samu ƙarin iko a kan kasafi. Shugaban Faransa Charles de Gaulle ya ga wannan a matsayin ƙwace ikon ƙasa a miƙa wa ma'aikatan da babu wanda ya zaɓe su. A Yulin 1965 Faransa ta ƙaurace wa zaman ministoci, ta bar kujerarta babu kowa har Janairun 1966. Sulhun da aka yi a Luxembourg ya bar wa kowace ƙasa damar taka burki idan ta ce an taɓa muhimmin muradinta. A 1967 Hallstein ya sauka, don Faransa ba ta yarda ya zarce ba.

Ya zauna a majalisar dokokin Jamus daga 1969 zuwa 1972, ya rasu a Stuttgart a 1982. Hukumar da ya aza wa harsashi tana nan, yanzu da ƙasashe 27. Tambayar da ta raba shi da de Gaulle ita ma tana nan: wane iko ƙasa za ta iya sallama wa ƙungiyar yanki, kuma wa ke da maganar ƙarshe idan aka saɓa? Mu da muka ga ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, ba baƙuwar tambaya ba ce a wurinmu.