Akwatin Danshi: Yadda Ake Kwantar Da Tabar Manya Kafin A Kunna Ta

Duk mai goro a unguwar Barkin Sale da ke Minna ya san cewa hunturu ba abokin sana'arsa ba ne. Da zarar iskar Disamba ta kaɗa, sai ya ƙara lulluɓe hajarsa da ganye da algarara, yana yayyafa ruwa safe da yamma. In ya yi sake goron ya yanƙwane, in ya zarce da ruwa ya ruɓe. Wannan ma'auni na tsakanin bushewa da jiƙewa shi ne dukkan sirrin wani ɗan akwati da ake gani a falon wasu manya a Abuja da Minna, wanda sau da yawa hadimi ne ake bar wa kulawa da shi.

Abin da ke cikin akwatin ita ce tabar naɗin ganye, wadda Turawa ke kira siga. Ta bambanta da sigari domin babu takarda a jikinta: ciki da waje duk ganyen taba ne, kuma masu tsadar cikinta da hannu ake naɗa su. Mafi shahara tana fitowa daga yankin Vuelta Abajo a yammacin Kuba. A can ana shanya ganyen a rumfa kimanin kwana 50, sannan a jibge shi tsibi-tsibi ya yi gumi, ɗacinsa ya ragu. Kamfanin Habanos ba ya buga tambarin Reserva sai ganyen ya shekara 3 a ajiye, Gran Reserva kuwa sai ya kai 5.

Ganyen taba yana shan danshin iska, yana kuma sakinsa. Saboda haka masu ajiya ke neman danshi tsakanin kashi 65 zuwa 72 cikin ɗari, da zafin da bai wuce digiri 21 ba. Ana shafe cikin akwatin da katakon wani itace na nahiyar Amurka, ɗan dangin maɗaci da darbejiya, mai riƙe danshi da ƙamshi. A ciki akwai ɗan soso da ake jiƙawa da tataccen ruwa, da agogon auna danshi.

Ajiyar iri biyu ce. Ta farko hutu ne: tabar da ta sha tafiya a jirgi ana barinta mako 2 zuwa 4 kafin a taɓa ta, domin danshin ya ratsa ta daidai. Wanda ya yi gaggawa zai ga gefe ɗaya na cin wuta, ɗaya ya ƙi. Ta biyu tsufa ce, ta watanni ko shekaru, inda warin da sabuwar taba ke fitarwa yake gushewa, ɗanɗanon ganyaye daban-daban ya haɗu.

A Minna, yanayi ba ya sassauta wa mai wannan aiki. A hunturu iska kan bushe ƙayau, fatar tabar ta tsage. A watan Maris zafi kan haura digiri 35, kuma zafi tare da danshi shi ke ƙyanƙyashe ƙwan ƙwaron taba, mai huda ta kamar yadda gunda ke yi wa wake. Maganinsa a sa tabar a injin daskarewa na 'yan kwanaki. A watan Agusta kuma fumfuna ce ke kamawa. In aka dogara da na'urar sanyaya ɗaki, ɗauke wuta na yini guda ya isa ya rikita lissafi. Akwatin na hannun hadimi, laifin ma a kansa zai sauka.

Hadimai sun daɗe a cikin tarihin wannan taba. A watan Fabrairun 1962, shugaban Amurka John F. Kennedy ya aiki sakataren yaɗa labaransa, Pierre Salinger, ya nemo masa tabar Kuba. Kamar yadda Salinger ya ba da labari daga baya, ya samo kara 1,200, kuma sai da ya kawo rahoton haka sannan shugaban ya sa hannu a kan takunkumin kasuwanci da Kuba.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce ga sarrafa taba. Manoman karkarar Katsina, irin su na Batagarawa, sun daɗe suna nomanta, su shanya, su adana, su yi fataucinta. An san garin taba da ake haɗawa da kanwa, an san lofe, an san furen taba da mata ke goge haƙora da shi tare da goro. Daga baya Zariya ta zama cibiyar masana'antar sigari a Arewa. Akwatin ne baƙo, haƙurin ajiya tsoho ne.

Sai dai akwai abin da ajiya ba ta gyarawa. Cibiyar Binciken Cutar Daji ta Amurka ta bayyana cewa babban kara ɗaya na iya ɗauke da taba daidai da kwalin sigari guda, kuma gumin nan da ke tausasa ɗanɗano shi ke ƙara sinadaran da ke haddasa cutar daji. Ko mutum bai zuƙi hayaƙin zuwa huhu ba, baki da maƙogwaro ba su tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a shekara, ciki har da waɗanda hayaƙin wani kawai suke shaƙa, irin direba da mai riƙe jaka.

Doka ma tana da magana. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta haramta busa ta a ofisoshi da sauran rufaffun wuraren jama'a, ba tare da bambanta mai tsada da mai araha ba. Ka'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin 1999 kuma ta hana jami'i karɓar kyauta saboda wani abu da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa. Akwatin taba daga hannun ɗan kwangila kyauta ce, ko da sunan tsaraba ta shigo, kuma hadimin da ya karɓa ya kai ciki shi ne shaidar farko ranar bincike.

Mai goron Barkin Sale, in lissafinsa ya kuskure, asararsa ba ta wuce huhun goro ba. Mai akwatin danshi kuwa, ko lissafinsa ya yi daidai shekara biyar cur, huhun da ke ƙirjinsa ne ke biyan bashin.