Hotunan Sun Dawo, Sunayen Ne Suka Tafi

Wata ranar Alhamis, na rufe shago na dawo gida nan Zangon Kumasi, na idar da isha'i ke nan sai ɗan baffana ya kira ni daga Kano. Zai aurar da 'yarsa, yana so a buga hoton mahaifinsa da nawa a jikin kalandar da za a raba wa 'yan biki. Na ce masa, "Haba Yaya, wannan ai ba wani abu ba ne. Kafin ka kwanta za ka gan shi a wayarka."

Na kunna kwamfuta. Manhajar da nake tara hotuna a cikinta ta sake turo saƙon da ta daɗe tana damuna da shi, wai akwai sabon zubi, in sabunta ta. Kullum sai in ce sai gobe, amma ran nan na danna. Ta ɗauki 'yan mintoci tana juyi, sannan ta buɗe da sabuwar fuska. Hotunan kayan shago suna nan, na Sallar bara suna nan. Tsofaffin hotunan gidanmu kuwa, sama da ɗari uku, ko ɗaya babu.

Dalilin da ya sa cikina ya ɗuri ruwa

Wanda bai san gidanmu ba zai ce hoto ne kawai. To, bari in faɗa muku abin da ke cikinsa.

Kakanninmu fataken goro ne. Tun zamanin da ayari ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Gonja, a yada zango a Salaga, gidanmu ke cikin wannan sana'a, har ciniki ya gangaro Kumasi. Baba da ƙanensa, wato Baffa, tare suke ɗaure huhun goro suna aikawa arewa. Sai ga dokar 18 ga Nuwamba 1969, wadda gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta kafa, cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Ghana cikin mako biyu. Baba ya samu takarda, Baffa bai samu ba. Kwana biyu kafin tafiya suka je wurin mai hoto, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa cikin manyan riguna, aka ɗauke su. Yayan nan nawa na Kano a goye aka fita da shi daga Kumasi. Bayan haka sau biyu kacal 'yan'uwan nan suka ƙara haɗuwa har Allah Ya karɓi abinSa.

Hoton na takarda ya zauna a akwatin Inna shekara da shekaru. Shekara takwas da suka wuce 'yata ta fari ta kwashe duk abin da ke akwatin aka yi sikanin, aka zuba a kwamfuta. Ta zauna da Inna wajen mako guda, Inna na faɗin sunayen mutane, ita tana rubutawa a ƙarƙashin kowane hoto cikin manhajar. Damina biyu bayan nan rufin ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa akwatin, gara ta ƙarasa sauran. Inna kuma ta rasu. Ke nan abin da ke cikin kwamfutar nan shi ne kawai ya rage.

Ɓarnar da na yi da hannuna

An ce gaggawa aikin shaiɗan, daren nan na tabbatar. Maimakon in rufe kwamfuta in kwanta, sai na shiga danne-danne. Na ga wani wuri da aka ce a share tsofaffin fayilolin da ba a bukata, na ce ƙila su ne suka toshe hanya, na share. Na shiga intanet na sauko da manhajoji har biyu masu alkawarin dawo da hotuna, na girka su a kan kwamfutar. Babu abin da ya dawo. Uwargida ta leƙo wajen ƙarfe ɗaya ta ce, "Alhaji, ka bari gari ya waye mana. In ya so a kai wa masu gyara a Adum." Ni kuwa ban so ba, don akwai hotunan matan gida a ciki, ba kowa zan miƙa wa ba.

Da safe na kira ɗana na biyu, wanda ke karatun kwamfuta. Da ya ji abin da na yi sai ya dafe kai. Ya ce, "Baba, don Allah daga yanzu kar ka ƙara taɓa komai." Ya zauna, bai ma buɗe manhajar ba. Ya tambaye ni ina faifan ajiya na waje, wannan ƙaramin baƙin da ake jonawa da waya. Na ce yana jone tun jiya. Ya shiga cikinsa kai tsaye ta inda ake duba foldoji. Minti biyar ba a yi ba sai ga Baba da Baffa a tsaye suna kallona. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Rajista daban, kaya daban

Ga yadda ya yi mini bayani, kuma duk ɗan kasuwa zai gane. Kana da sito cike da kaya, kana kuma da littafin da ka rubuta abin da ke kowane lungu. In littafin ya ɓata, kaya na nan a sito, kai ne dai ba ka san inda suke ba. Yawancin manhajojin tara hotuna haka suke aiki. Hotunan fayiloli ne da ke zaune a foldojinsu. Ita manhaja rajista take riƙewa: wane hoto, yana ina, an ɗauke shi yaushe, wa ke ciki.

Da na sabunta, manhajar ta buɗe sabuwar rajista, ta leƙa foldar hotuna da ke cikin kwamfutar kawai, ba ta leƙa faifan waje ba. Ga kuma wani abu. Kwamfuta kan ba kowane faifai harafi, kamar lambar shago. Namu a da E ne. Ran nan akwai filashin da na manta a jiki, shi ya karɓe E, faifan hotuna ya koma F. Ko da manhajar ta je tsohon adireshi, ba za ta tarar da kowa ba.

Hotuna dai sun dawo, duk ɗari uku da 'yan kai. Sai yaron ya yi shiru, ya ce, "Baba, sunayen fa?" Sunayen da Inna ta faɗa ba a jikin hotunan aka rubuta su ba, a cikin tsohuwar rajista suke. Ita ce kuwa na share da daddare. Ya yi ƙoƙarin tono ta, ashe manhajojin da na girka sun riga sun zauna a gurbinta. Da na haƙura na kwanta, da har yau maganar Inna na nan a rubuce. Da na sani ƙeya ce.

In abin ya same ku

Na tambayi yaron ya jera mini abin da ya kamata mutum ya yi, ga shi kamar yadda na fahimta.

Na farko, ka dakata. Kar ka girka komai, kar ka ɗauki sabon hoto a kan katin memorin, kar ka yarda da duk wani saƙon sharewa. Idan aka goge fayil, sau da yawa sunansa kawai ake cirewa daga jeri, a ce gurbinsa ya zama fili. Yana nan har sai an rubuta wani abu a kansa. A wayoyin zamani da sababbin faifai marasa juyi, tono abin da aka goge ya fi wuya sosai, don haka kar a dogara da shi.

Na biyu, ka nemi hoton a wajen manhajar. A kwamfuta ka bincika duk fayil mai ƙarewa da jpg. A wayar Android hotunan kyamara na zama a foldar DCIM. Na WhatsApp kuwa, tun daga zamanin Android 11, sun koma can cikin foldar Android, ƙarƙashin media, shi ya sa wasu kan duba tsohon wuri su ga wayam. Akwai kuma wani ɓoyayyen fayil mai suna .nomedia, wanda in yana cikin folda, ma'ajiyar hotunan waya ba za ta nuna abin da ke wurin ba.

Na uku, ka leƙa kwandon shara. Google Photos kan riƙe hoton da aka goge kwana 60 in an riga an ɗora shi a intanet, kwana 30 in ba a ɗora ba. A iPhone kwana 30 ne. Bayan haka sai dai haƙuri.

Na huɗu, ka tabbata da asusun da ka shiga. Da yawanmu muna da imel biyu ko uku, wani yaro ne ya buɗe mana a shago, wani a gida. Bayan sabuntawa mutum kan shiga da wanda ba shi ba, ya ga babu komai. A tuna kuma, tun 1 ga Yuni 2021 sababbin hotunan da ake ɗorawa a Google Photos na cin gurbi ne daga gigabait 15 na kyauta. In ya cika, ɗorawa ta tsaya, kai kana zaton ana ajiye maka.

Na biyar, ka gangara can ƙasan jeri. Hoton da kwanan watansa ya ɓace wani lokaci yakan faɗa ƙarƙashin 1970 ko 1980, don daga nan wasu na'urori ke fara ƙirga lokaci. Hoton sikanin kuma ranar da aka yi sikanin yake ɗauka, ba ranar da aka ɗauke shi ba.

In duk wannan bai yi ba, akwai manhajar kyauta mai suna PhotoRec da ke tono fayiloli daga kati ko faifai. Sai dai tana dawo da su ne ba tare da sunayensu na asali ba, kuma dole a zuba abin da ta tono a wani faifan daban.

Zama da Gwaggo

A ranar na tura wa Yaya hotonsa, aka buga kalanda, biki ya yi albarka. Saura fuskoki ɗari uku da ba su da suna. Na san na kusa, amma mutanen zamanin Baba, abokan fataucinsa, masu masauki, dangin da suka tafi a 1969, ban san ko rabinsu ba.

Mutum ɗaya ta rage a Kumasi da ta san su, Gwaggo, ƙanwar Baba, da ke zaune a Aboabo. Shekarunta sun doshi 80, idonta ya yi rauni. Na ɗauki kwamfuta na je ranar Lahadi, na tsuguna na gaishe ta, na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Ta ce, "Ɗan nan, sai yanzu ka tuna da hanyar gidana?" Ban da amsa, don gaskiya ta faɗa. Daga Zango zuwa Aboabo ba nisa, amma rabona da zama da ita na awa guda tun rasuwar Inna.

Muka riƙa ƙara girman kowace fuska har ta cika allo. Sai ta matso, ta yi shiru, ta ce, "Allah Sarki, wannan ai maƙwabcinmu ne mai ɗinkin hula, Sakkwato ya koma." Wani ta yi dariya, wani ta share hawaye da gefen mayafi. Hoto ɗaya kan jawo labarin rabin awa. A nan na fara jin cewa Baffa ya sayar da kekensa na ɗinki da gadonsa a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsu ba, don kwanaki sun ƙure. Baba bai taɓa faɗa mini ba. Inda Gwaggo ta kasa, sai mu kira Kano ta bidiyo, a nuna wa matar Baffa, tsofaffin nan biyu su yi ta gardama har su daidaita.

Lahadi shida muka yi. Mun gano kusan kowa, ban da mutum goma sha ɗaya. Akwai wani dattijo mai rawani da ke zaune kusa da huhunan goro, Baba na tsaye a bayansa cikin ladabi. Daga gani mutum ne mai girma a wurinsa. Inna ta san shi, ta kuma faɗi sunansa. Yanzu babu mai sani.

Yadda muke yi yanzu

Ba mu ƙara barin suna a hannun manhaja kaɗai ba. A jikin sunan fayil muke rubuta shekara da gari da mutanen da ke ciki, ta yadda duk inda hoton ya je, da sunansa zai tafi. Mun kuma rubuta jerin a littafi mai bango, da biro, irin na bashin shago. Kwafi uku muke da su: ɗaya a faifan gida, ɗaya a ma'ajiyar intanet, ɗaya a filashin da na ba wani ɗan'uwa mai zuwa Kano ya kai wa Yaya. Guda arba'in mafi muhimmanci mun wanke su a takarda, mun rubuta sunaye a baya da fensir. Kuma duk ranar da manhaja ta ce a sabunta ta, sai an kwafi hotuna da rajistarsu an ajiye gefe tukuna.

Mu mutanen zango danginmu a warwatse suke, wani na Kano, wani na Maraɗi, wani na Abijan, wani na Jidda. Jikokinmu da yawa ba za su san juna ba sai ta hoto. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ke iya duban fuska ta faɗi suna, ku ɗauki hotunan ku je wurinta wannan makon, ku tafi da biro. Ni ranar Lahadi mai zuwa ma zan koma Aboabo, ba da kwamfuta ba, da goro kawai.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa iyayenmu da suka rage lafiya.