Jadawali ɗaya, gyara ɗari: Dabarar da za ta rage wa masu buga takardu a Boɗinga da Shagari wahala

A shagunan buga takardu da ke garuruwan Boɗinga da Shagari, a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, ba rubutun zube ne ke cinye lokacin mai kwamfuta ba. Jadawali ne: sakamakon jarrabawar ɗalibai, jerin sunayen manoman da za a raba wa taki, lissafin kuɗin ƙungiya, ko babi na huɗu na kundin binciken ɗalibin da zai miƙa aikinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Yawanci da hannu ake gyara shi, gida bayan gida. A ƙara wa wannan kauri, a tura wancan dama, a rage girman haruffan na ƙasa. Idan mai aikin ya dawo ya ce a canja girman rubutu, sai a koma farko, ga janareta yana shan mai.

Akwai hanya mafi sauƙi, kuma tana cikin manhajar da ake amfani da ita kullum.

Inda matsalar take farawa

A Microsoft Word, kowane sakin layi yana bin wani salo da aka tanada, wanda masu kwamfuta ke kira sitayil. Idan ba a zaɓi komai ba, salon da ake kira Normal ne ke aiki, kuma rubutun da ke cikin gidajen jadawali ma shi yake bi.

A nan gizo ke saƙa. Makarantu da dama suna buƙatar kundin bincike da haruffa masu girman 12 da tazara biyu tsakanin layuka. Da zarar an saka wannan ƙa'ida a Normal, jadawalin ma sai ya kumbura. Wanda ya kamata ya tsaya a rabin shafi ya cinye shafi biyu, ɗalibi kuma shafi-shafi yake biya.

Salo uku sun wadatar

Maganin shi ne a ƙirƙira wa jadawali salonsa na kansa. Na farko na kanun jadawali: haruffa masu kauri, a tsakiya. Na biyu na kalmomi: a jere daga hagu, tazara ɗaya, girman 10. Na uku na alƙaluma: a jere daga dama.

Ana buɗe akwatin salo da maɓallan Ctrl da Shift da S, a rubuta sabon suna, a tsara shi sau ɗaya, sannan a zaɓi ginshiƙi gaba ɗaya a ɗora masa. Daga nan, idan aka gyara salon, duk jadawalan da ke cikin takardar za su canja tare, ko guda 40 ne.

Wasu manhajojin sun riga sun yi rabin aikin. LibreOffice Writer, wadda kyauta ce, tana zuwa da salon abin da ke cikin jadawali da na kanunsa a shirye. Adobe InDesign, da maɗaba'o'i ke tsara littattafai da mujallu da ita, ta shigo da salon jadawali da na gidajensa a 2007, inda kowane gida zai iya ɗaukar salon sakin layin da aka ba shi.

Ba maganar ado ba ce kawai

Idan alƙaluma suna tsakiyar gida, 1,500,000 da 15,000,000 suna iya kama da juna ga mai karatu cikin sauri, musamman a fuskar waya. Idan aka jera su daga dama, ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin ɗaya-ɗaya, dubbai a ƙarƙashin dubbai, ido zai ga bambancin nan take.

Wannan ya ƙara muhimmanci tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na Najeriya kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Boɗinga da Shagari suna cikin 23 na Jihar Sakkwato. Duk mai son bin sawun kuɗin yankinsa, jadawali zai karanta, kuma wanda ya hargitse yana ɓoye kuskure ko da ba a yi niyya ba.

Sai kuma batun haruffa masu ƙugiya. Sunaye irin su Ɗanjuma da Ƙasimu sukan fito da wani ɗan akwati a maimakon harafin farko, idan nau'in haruffan da aka zaɓa ba shi da ɗ, ƙ da ɓ. Wanda sunansa ya lalace a jerin masu karɓar tallafi shi ya san zafin haka. Idan aka saka nau'in da ke ɗauke da su, kamar Charis SIL, a cikin salon, kowane gida ya samu.

Abu biyu ne salon sakin layi ba zai yi ba, sai an shiga saitin jadawalin kansa: maimaita layin kanu a saman kowane sabon shafi, da hana layi ɗaya rabuwa tsakanin shafi biyu. Bayan an gama, mayar da takardar PDF kafin a tura ta WhatsApp yana hana tsarin wargajewa a wayar wani.

Tsohuwar ƙa'ida a sabon allo

Tsara rubutu ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa da rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma ya zauna a garin Boɗinga. Masu kwafar littattafai na wancan zamani sukan ware jan tawada domin kanun babi da muhimman kalmomi, baƙa kuma domin sauran rubutu, su riƙe wannan ƙa'ida daga farkon littafi har ƙarshensa.

Abin da salo ke yi ke nan. Mai shago da ya ware minti goma ya tsara salo ukun, ya adana su a takardar samfuri, ba zai sake gyara gidajen jadawali ɗaya bayan ɗaya ba. Ga mai kai aiki kuwa, kafin ya biya ya duba abu uku: alƙaluma sun jeru, kanu ya fito a kowane shafi, sunaye sun fito da ƙugiyarsu.