Jangebe: Wane wasan kwaikwayo ya dace a ɗora wa matasa?

A daren 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kutsa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta 'Yan Mata da ke Jangebe, cikin Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, suka yi awon gaba da ɗalibai. Ranar 2 ga Maris aka sako 279. Cikin watan Agusta aka sace ɗalibai a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, sannan ranar 1 ga Satumba aka kwashe 73 a makarantar Kaya da ke Maradun.

Matasan da ke sakandare a yankin yau da waɗannan labarai suka tashi. Don haka malamin da ya tara su domin wasan kwaikwayo, tambayar da za ta fara tare shi ita ce: wane labari zai sa su hau dandali da shi?

Abin da zai fara zuwa zuciya shi ne a kwaikwayi satar kanta, da bindigar katako da rawani da kururuwa. Amma ana iya samun wadda aka sace yayarta, ko ma ita kanta, cikin 'yan wasa ko 'yan kallo. Kuma ba sau ɗaya ake yin wasa ba. Makonni ake kwashewa ana bita, kullum ana fama gyambo. Yaron da aka ba matsayin ɗan bindiga kuwa, sunan na iya bin sa har kasuwa. Ga kuma haɗarin tsaro a ƙauyen da kowa ke ɗari-ɗari da masu kai wa 'yan bindiga rahoto.

Sai dai kauce wa gaskiya baki ɗaya ma kuskure ne. Matashin da ya san ƙarar harbi ba zai gamsu da barkwanci zalla ba. Mafita ita ce a zaɓi labarin da ke taɓa ciwon daga nesa.

Adabin Hausa ya tanadi irin wannan. A 1975 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan kwaikwayo. Labarin yaro ne da aka sace zamanin cinikin bayi, da mahaifiyarsa da ta bi sawunsa har cikin sahara. Duk ɗan Jangebe zai gane wannan uwa, amma tazarar fiye da shekara ɗari ta ba shi damar kallo ba tare da an ambaci gidan kowa ba.

Akwai kuma Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, na 1979, kan attajirin da ke yaudarar 'yar makaranta da abin duniya. Ya dace da manyan ɗalibai, domin yana buɗe muhawara kan karatun 'ya'ya mata, wanda satar ɗalibai ta ƙara raunana shi. Uwar Gulma na Mohammed Sada da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi kuwa rikicin aure suka fi mayar wa hankali, don haka sai an tace su kafin a miƙa wa 'yan shekara 13.

Bai kamata 'yan yankin su manta da nasu na gida ba. Wasan Marafa, wanda ya fito a 1949, Abubakar Tunau Mafara ne ya rubuta shi domin wayar da kai kan tsafta da lafiya. Darasin da ya bari shi ne a ɗauki matsalar da jama'a ke gani kullum, a faɗe ta da harshensu.

Idan littafi bai wadatar ba, matasa na iya ƙirƙirar nasu. Tun cikin shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ya fara tura ɗalibai cikin Samaru da ƙauyuka, su saurari koken mutane, su gina wasa a kai, su dawo da shi dandali a tattauna. Wasan Manoma na 1977 yana cikin na farko. A ƙasar Mafara batutuwa ba su ƙare ba: rabon ruwa a gonakin Bakolori, tsadar taki, sayen ƙuri'a, ajin da ba malami. Ko tarihin manoman Bakolori da 'yan sanda suka buɗe wa wuta a Afrilun 1980 saboda neman diyyar gonakinsu ya isa wasa guda, in an nemi izinin dattawan da abin ya shafa.

Ga mai son siyasa, wannan ba sabuwar hanya ba ce. Malam Aminu Kano, tun yana malamin makaranta, ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen sukar zalunci da jahilci. Tashen watan azumi ma ya daɗe yana bai wa yara lasisin yi wa manya ba'a. Sharaɗin kawai shi ne a soki hali, kada a mayar da yara karnukan farautar wata jam'iyya.

Saura abubuwan zahiri. Wasan ya zama mai matsayi da yawa, domin kowa ya samu abin yi. Ya yiwu da rana a filin makaranta, ba sai da lantarki ba, a tashi kafin magariba. A gaya wa iyaye da malaman gari abin da ke ciki tun da wuri, musamman batun haɗa maza da mata, tunda jihar na bin tsarin Shari'a tun sanarwar Ahmad Sani Yariman Bakura a 1999. Makarantar 'yan mata zalla na iya raba dukkan matsayi a tsakanin ɗalibanta.

Mafi muhimmanci, a karanta wa matasan wasanni biyu ko uku, su zaɓa da kansu, kuma duk wadda ta ce ba za ta iya wani matsayi ba a ƙyale ta ba tare da tambaya ba. Waɗanda aka taɓa kora cikin daji da bakin bindiga sun cancanci a bar musu ikon cewa e ko a'a.