Mai juna biyu da tabon bakin mahaifa: yadda hoto ke taimaka wa likita

Wani lokaci a wurin awon ciki ne ake gano cewa bakin mahaifar mace ya fara canzawa. Ungozoma na shafa ruwan binega a wurin, inda ya canza sai ya yi fari. Wannan tabo bai zama kansa ba tukuna, amma yana iya zama ita idan aka yi sakaci. Ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ita ce ke haddasa shi.

Tambayar da ke tayar wa mai ciki hankali ita ce: a yi magani yanzu ko a jira? Galibi likitoci na jira sai an haihu, domin yanke wurin na iya jawo zubar jini ko haihuwa kafin lokaci. Tabon kuma ba ya gaggawa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe ya zama kansa, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwar jiki, kamar mai ɗauke da ƙwayar sida da ba ta shan magani.

Sai dai jiran na buƙatar sa ido. Likita na duba wurin da na'ura mai ƙara girman abu, ya ɗauki hoto ya adana a kwamfuta. Bayan kamar wata uku a sake ɗaukar wani, a jera su a gani ko tabon ya faɗaɗa. Hakan na da amfani domin ciki kan kumbura bakin mahaifa, ya ƙara masa jini, har ido ya ruɗe. Ana kuma iya tura hoton daga Maraɗi ko Damagaram zuwa ga ƙwararre a Yamai, matar na gida abinta.

Na'urar ba ta cutar da ɗan da ke ciki, tabon kuma ba ya hana mace haihuwa da kanta. Idan hoton ya nuna abin zargi, ana ɗibar ɗan ƙaramin nama a kai ɗakin gwaji, domin hoto kaɗai ba ya yanke hukunci.

Bayan haihuwa, wajen arba'in, sai mace ta koma a sake dubawa. A jikin wasu tabon kan ɓace da kansa, wasu kuwa a lokacin ne za a yi musu magani. Ko jiki na lafiya, kada a tsallake wannan komawa asibiti.