Yadda tsiro ke jure ƙarancin ruwa

Makonnin farko bayan shuka suna da haɗari ga amfanin gona, musamman a yankin Sahel, inda ruwa kan ɗauke bayan saukar farko, har ta kai manomi ya sake shuka.

Idan ƙasa ta fara bushewa, tsiro kan ƙara samar da wani sinadari mai suna absisik, wanda ke rufe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye domin rage fitar ruwa.

Sai dai ta waɗannan ƙofofi ne iskar da tsiron ke haɗa abinci da ita take shiga, don haka girmansa kan ragu.

Saiwa kuwa takan ci gaba da nutsawa neman danshi, yayin da ganyen masara da dawa ke naɗewa domin rage zafin rana.

Gero da dawa sun fi masara juriya, kuma cibiyar ICRISAT da aka kafa a Indiya a 1972 tana binciken inganta irin gero a Sadore, kusa da Yamai.

Amma idan farin ya daɗe, tsiron kan ƙone. Shi ya sa manoma a jihar Tawa ke haƙa ramukan tassa, su zuba taki, domin tare ruwa a gindin shuka.