Ƴan ƙunshin da ke yawo a jini suna tona asirin kansa

Kowace ƙwayar jikin ɗan Adam tana aika saƙo, kuma ba ta buƙatar data. Takan tofar da wasu ƴan mitsi-mitsin ƙunshi masu rufin kitse zuwa cikin jini, fitsari da miyau. Wani nau'insu da ake kira eksozom faɗinsa bai wuce nanomita 30 zuwa 150 ba. Ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita.

Da aka fara ganinsu a 1983, an ɗauka kwandon shara ne kawai da ƙwaya ke zubar da abin da ta gama amfani da shi. Sai a 2007 masu bincike a Jami'ar Gothenburg da ke Suwidin suka nuna cewa akwai RNA a ciki, wato kwafin umarnin da ke rubuce a ƙwayoyin gado. Daga nan labari ya canza. Idan ƙwayar kansa ma tana aika irin wannan ƙunshi, to tana fitar da sirrinta ke nan ga duk wanda ya iya buɗewa.

A 2008 Johan Skog da Xandra Breakefield na Babban Asibitin Massachusetts a Amurka suka gwada a kan wata muguwar kansar ƙwaƙwalwa. Sun gano gurɓataccen sauyin gado mai suna EGFRvIII a jinin mutum 7 cikin majinyata 25. Adadin ba shi da yawa, amma ka tuna hanyar da aka saba ita ce a huda ƙoƙon kai a yanko tsoka. A 2014 kuma wata tawaga a cibiyar MD Anderson da ke Texas ta samu DNA mai ɗauke da sauyin KRAS da p53 a eksozom ɗin masu kansar saifar ciki da ke samar da insulin.

Abin da ya sa ake kwaɗayinsu shi ne rufin kitsen nan. RNA da ke yawo tsirara a jini nan da nan yake lalacewa, amma na cikin ƙunshi yana tsira, kamar wayar da aka sa wa kwaba mai kauri.

Akwai ma gwajin da ya shiga kasuwa a Amurka. ExoDx Prostate yana duba RNA na ƙwayoyin gado uku a fitsari, ga maza masu shekara 50 zuwa sama da gwajin PSA ɗinsu ya tsaya tsakanin 2 da 10. Ba ya cewa kana da kansa ko ba ka da ita. Yana taimaka wa likita ne ya yanke shawarar ko a yanko tsoka. Wannan ya shafe mu, domin kansar mafitsara ta maza ita ce kan gaba a tsakanin mazan Najeriya, kuma da yawa sai ta yi nisa suke zuwa asibiti.

Matsalar tana wurin tacewa. Lafiyayyun ƙwayoyi ma suna zubo nasu ƙunshin, har su rinjayi na kansa nesa ba kusa ba, musamman a farkon ciwo. Tsohuwar hanyar raba su na buƙatar injin da ke juya jini da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 100,000, na tsawon sa'o'i, ga tsada ga cin wuta. Shi ya sa injiniyoyi suka koma ƙera ƴan faifai masu siraran hanyoyin ruwa da maganaɗisu. A 2016 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun haɗa irin wannan na'ura da kyamarar waya don auna eksozom, amma a kan raunin ƙwaƙwalwa aka gwada ta, a jikin ɓeraye.

Saboda haka idan ka ga manhaja a Play Store tana iƙirarin gano kansa da ɗora yatsa a kyamara, ka wuce abinka. Ko a ɗakin bincike, aikin wayar shi ne karanta sakamakon bayan an tace jinin.